Sukar Ƙaya da Cututtukan da Ke Biyo Bayanta

 

 Batun wannan lacca shi ne haɗarin da ke tattare da suka ko karcewar ƙaya ga lafiyar ɗan Adam, musamman a ƙasashen Sahel, daga Senegal zuwa Sudan, inda itatuwa masu ƙaya suka fi yawa, kuma yawancin jama'a suke neman abinci a gona ko a daji. Wani zai iya tambaya, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da kwalara suke kashe mutane, ina dalilin tara jama'a a kan ƙaya? Dalilin shi ne, wannan rauni da kowa yake rainawa yana daga cikin hanyoyin da mutum mai cikakkiyar lafiya yake rasa ƙafa, ko ido, ko rai, kuma abin da ya fi jawo asarar shi ne jinkirin da raini yake haifarwa. Za a bi batun ta matakai shida.

Na farko: yanayin raunin da ƙaya take yi

Wanda ya tashi a karkara ya san ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya, ya san doguwar ƙayar aduwa, da lanƙwasasshiyar ƙayar magarya da ta dakwara, waɗanda suke kama tufa da fata tare, haka nan ya san tsidau da ƙarangiya da suke kwance a ƙasa suna jiran tafin ƙafa. Waɗannan itatuwa ba a rabuwa da su, domin da reshensu ake shingen garka da na garke, a cikinsu ake samun itacen girki, da ƙaro, da abincin awaki a lokacin rani. Saboda haka mu'amala da ƙaya ta yau da kullum ce ga manomi, da makiyayi, da matar da take zuwa itace, da yaron da yake wasa ba takalmi.

Abin da ya bambanta sukar ƙaya da yankan wuƙa shi ne, bakin raunin ƙanƙane ne, amma yana da zurfi. Yanka yakan buɗe, jini ya zuba ya wanko wani ɓangare na dattin da ya shiga, mai shi kuma ya ga girman abin ya nemi magani. Suka kuwa ba ta cika fitar da jini ba, kuma fata takan rufe a kanta cikin kwana ɗaya ko biyu, ta kulle duk abin da ƙayar ta shigo da shi a wuri mai ɗumi da laima, wanda iska ba ta isa gare shi. Ƙayar da ta daɗe a ƙasa kuwa ta sha cuɗanya da turɓaya da kashin dabbobi, don haka tsininta yana ɗauke da ƙwayoyin cuta iri biyu: bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda suke haddasa mugunya, da kuma dangin fumfuna, irin wadda take fitowa a kan abincin da ya kwana biyu a rufe. Ana iya cewa ƙaya tana aiki ne kamar allurar da aka cika da ƙasar garke aka tsira wa mutum a cikin nama. Daga nan duk sauran bayanin ya samo tushe.

Na biyu: cutar tetanus

Cutar da ta fi saurin kisa daga cikin waɗanda ke biyo bayan suka ita ce tetanus, wadda ake kira sarƙe-haƙora ko tsinkau-tsinkau. Bakteriyar da ke haddasa ta, mai suna Clostridium tetani, tana zaune a cikin ƙasa da kashin shanu, da dawaki, da tumaki, inda take kulle kanta a cikin ɓawo mai tauri da zai iya jure zafin rana da bushewa na shekaru. Ba ta iya hayayyafa inda akwai iskar oksijin, shi ya sa rauni mai zurfi da ya rufe baki ya zama wurin da ya fi dacewa da ita. Idan ta farfaɗo a can sai ta riƙa fitar da guba, gubar kuma ta bi jijiyoyi har zuwa laka, ta toshe saƙon da ke sa tsoka ta saki bayan ta ɗaure. Alamomi sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan raunin: muƙamuƙi ya riƙe, haɗiya ta yi wuya, wuya ya sandare, sannan jiki duka ya riƙa tsinkewa har baya ya lanƙwashe, kuma ƙaramar ƙara ko haske suna iya tayar da wannan fizga. Majiyyaci yana cikin hayyacinsa yake shan wannan azaba, mutuwa kuma takan zo ne idan tsokokin numfashi suka riƙe.

A nan akwai kuskure guda biyu da ya kamata a gyara. Na ɗaya, mutane da yawa sun ɗauka tsatsar ƙusa ce take kawo tetanus, alhali ƙasar da ke jikin ƙusar ce, don haka ƙaya da sartse suna da haɗari daidai da ƙarfe. Na biyu, sau da yawa lokacin da cutar ta bayyana raunin ya riga ya warke a ido, har an manta da shi, sai a danganta fizgar da iskoki ko sammu, a ɓata kwanakin da ya kamata a ce majiyyaci yana asibiti.

Rigakafin wannan cuta ya daɗe a hannu, domin tun a shekarun 1920 aka samar da allurarsa a Faransa. A Nijeriya jarirai suna samun sa a cikin allurar Penta a mako na 6, da na 10, da na 14, mata kuma suna samun sa a wajen awon ciki. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar allura 6 ga kowane mutum, 3 a jarirantaka da 3 na ƙarfafawa daga baya, domin kariyar tana raguwa da shekaru. To, ina magidanci ɗan shekara arba'in, wanda yake sassabe duk bazara, yake samun nasa ƙarfafawar? Shi ba ya zuwa awon ciki, ya wuce shekarun rigakafin yara, kuma shi ne ya fi kowa shiga ƙaya. Wannan giɓi ne na gaske a tsarin kiwon lafiya. Ya kamata kuma a fahimci cewa allurar ATS, da ake yi bayan rauni, kariya ce ta aro da take ƙarewa cikin ɗan lokaci, ba ta maye gurbin cikakken rigakafi. Hasali ma wanda ya yi cutar ya tashi bai tsira daga sake kamuwa ba, sai an yi masa rigakafi.

Na uku: guntun da ya karye a ciki

Busasshiyar ƙaya tana da saurin karyewa, kuma abin da aka zaro da matsefata ba lalle ne ya zama dukkanta ba. Guntun da ya rage yakan zama matattarar mugunya, wurin ya kumbura, ya yi zafi, kaluluwa ta fito a matsematsi ko a hammata. Idan cutar ta bazu a ƙarƙashin fata ko ta shiga jini, zazzaɓi da rawar sanyi sukan biyo baya, kuma wannan mataki ne da ke iya kisa. Ya dace a tuna cewa jan da littattafan likitanci suke ambata ba ya fitowa sosai a baƙar fata, don haka ɗumin wurin, da sheƙi, da kumburin da ke ƙara faɗi su ne abin lura.

Idan sukar ta faru kusa da gaɓa, kamar gwiwa ko yatsa, tsinin yana iya shiga cikin gaɓar ya haddasa kumburin da zai yi ta tashi yana kwantawa na tsawon watanni. Ƙayar dabino ta yi suna a kan wannan, kuma yara ne suka fi gamuwa da shi. Matsalar ita ce, hoton ƙashi ba ya cika nuna itace, saboda haka ana iya ɗaukar hoto a ce ba komai, alhali guntun yana nan. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba juna biyu da ita, ta fi iya gano shi, kuma ba a samun waraka sai an fitar da shi. Likitan da ya ga yaron karkara da kumburarriyar gwiwa ɗaya, wadda ta ƙi jin magani, ya wajaba ya tambaya ko an taɓa samun sukar ƙaya, ko da watanni sun shuɗe.

Na huɗu: cutar maisitoma

A kan wannan mataki za a fi daɗewa, domin ita ce cutar da ta fi alaƙa da ƙayar Sahel, kuma ita ce jama'a suka fi jahilta. Maisitoma cuta ce mai cin nama a hankali, wadda take farawa a ƙarƙashin fata, mafi yawa a ƙafa, sannan ta ratsa tsoka har ta kai ga ƙashi. Likitocin Turai sun fara bayyana ta ne a shekarun 1840 a yankin Madurai da ke kudancin Indiya, shi ya sa ake ce mata ƙafar Madura, kuma a 1860 wani likita mai suna Vandyke Carter ya ba ta sunan da ake kiran ta da shi yanzu. Ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama, irin su Sudan, Chadi, Nijar, Senegal, Muritaniya, Somaliya, Yaman, Indiya da Meziko. Ƙwayoyin cuta fiye da iri 70 suna iya haddasa ta, amma an kasa su gida biyu: na fumfuna, wanda fitaccensu shi ne Madurella mycetomatis, da na bakteriya. An gano alamun wannan fumfuna a cikin ƙasa da jikin ƙaya a Sudan, kuma ko da yake ba kowane majiyyaci ne yake tuna ranar da aka soke shi ba, masana sun yi ittifaƙi cewa ta ƙaramin rauni ƙwayar take shiga.

Alamominta uku ne. Da farko wani ƙullutu mai tauri yake fitowa, marar zafi. Bayan watanni ko shekaru sai ƙananan ƙofofi su ɓulle a jikin kumburin, wasu su rufe wasu su buɗe. Daga cikin ƙofofin kuma ruwa yake tsattsafowa ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kama da tsaba, baƙaƙe, ko farare, ko rawaya, ko jajaye, gwargwadon irin ƙwayar cutar. Baƙar tsaba tana nuna fumfuna, ja kuwa tana nuna wata bakteriya da aka fi samu a Afirka ta Yamma. Wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai a wajen magani. Nau'in bakteriya, ko da yake ya fi saurin ɓarna, yakan ji magungunan kashe bakteriya idan aka sha su na tsawon watanni, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa. Nau'in fumfuna kuwa yana buƙatar shan maganin itraconazole na kimanin shekara guda tare da tiyata, maganin yana da tsada ga talaka, kuma cutar takan dawo. Idan ta ci ƙashi, sau da yawa ba abin da ya rage sai yanke ƙafar.

Me ya sa ake zuwa asibiti a makare? Saboda rashin zafi. Manomin da ƙullutu bai hana shi zuwa gona ba, ba zai bar aikin damina ya biya kuɗin mota zuwa birni ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa idan aka dubi halin da yake ciki. Yakan fara da saye-sayen magani a kasuwa, ya je a yi masa sakiya ko tsaga, wanda hakan yake ƙara shigar da wasu ƙwayoyin cuta, har ranar da ƙafar za ta ƙi shiga takalmi. A lokacin kuwa cutar ta yi shekaru tana aiki. Abin takaicin shi ne, ƙullutun da bai wuce ƙwallon goruba ba ana iya cire shi da ƙaramar tiyata a ceci ƙafar.

Ƙasar da ta fi kowace tara ilimi a kan wannan cuta ita ce Sudan, inda aka kafa Cibiyar Binciken Maisitoma ta Jami'ar Khartoum a 1991, a asibitin Soba, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ahmed Hassan Fahal. Rahoton da cibiyar ta fitar game da majiyyata sama da 6,700 da ta gani tsakanin 1991 da 2014 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu maza ne, yawancinsu matasa, kuma ƙafa ce ta fi kamuwa. Jihohin Jazira, da Sennar, da Farin Nilu suna cikin wuraren da cutar ta fi ƙamari, kuma a wannan shiyya ne Hausawa da Fulani masu yawa suka zauna tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa, a garuruwa irin su Mai Wurno, suna noma da kiwo. Da ƙoƙarin wannan cibiya da abokan aikinta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya maisitoma a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a shekarar 2016, sannan a 2017 aka fara gwajin sabon magani mai suna fosravuconazole a Khartoum. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya dakatar da aikin cibiyar a mazauninta, ya raba majiyyata da dama da maganinsu. Wannan rashi ya shafi dukkan Sahel, domin daga can ma'aikatan lafiya na ƙasashe maƙwabta suka riƙa samun horo da jagora.

A taƙaice za a ambaci wata cutar fumfuna mai suna siforotirikosis, wadda Turawa suke alaƙanta ta da ƙayar furen wardi. Ita tana fitowa ne a matsayin ƙuraje da suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya daga wurin sukar zuwa saman hannu. A farkon shekarun 1940 ta kama ma'aikata kusan 3,000 a ramukan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, ta hanyar sartsen katakon da aka tokare ramukan da shi.

Na biyar: ido, da ƙafar da ba ta ji

Reshen ƙaya da ya falli ido a lokacin sassabe ko saran itace yana iya karce tantanin da ya rufe baƙin ido, ya dasa fumfuna a ciki. Cikin kwanaki kaɗan gyambo yake fitowa, wanda idan ya warke ya bar hakiya, idan bai warke ba ya fasa idon. Ɗiga ruwan ganye, ko nono, ko maganin idon da aka saya ba tare da dubawa ba, yana ƙara ɓarna, musamman magungunan da ke ɗauke da sinadarin siteroyid, waɗanda suke kwantar da ja amma suke ba fumfuna damar yaɗuwa. Raunin ido na ranar da ya faru ne, ba na jiran ranar kasuwa ba.

Akwai kuma mutanen da ƙaya take sukar su ba su sani ba, wato masu ciwon sukari da ya daɗe da masu cutar kuturta, waɗanda jijiyoyin ƙafarsu suka daina kai saƙon zafi. Irin wannan mutum yana iya yini yana taka ƙaya a cikin tafin ƙafarsa, sai wari ko jini a tabarma ya sanar da shi. Ga mai sukari kuma rauni ba ya saurin warkewa. Duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, da kansa ko da taimakon iyali, wajibi ne a gare shi.

Na shida: abin da ya kamata a yi

Idan ƙaya ta soki mutum, a wanke hannu, a tsabtace matsefata ko allura da wuta ko barasar asibiti, a zaro ƙayar ta hanyar da ta shiga, sannan a dubi tsininta a ga ko ya fito cikakke. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, mai yawa, na tsawon mintoci, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko ruwan batir, kuma ba a haƙa nama da reza don neman guntun da ba a gani. A tafi asibiti a ranar idan sukar ta yi zurfi, ko tana kusa da gaɓa ko ido, ko ana zargin wani abu ya rage a ciki, ko mai raunin yana da ciwon sukari, ko bai san matsayin rigakafinsa ba, ko allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5. Riƙewar muƙamuƙi, da zazzaɓi, da kumburin da ke hawa sama, alamomin gaggawa ne. Duk ƙullutun da ya fito a ƙafa ko hannu ya wuce makonni bai baje ba, a kai shi a duba ko da ba ya ciwo.

Takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa ya fi silifa kariya nesa ba kusa ba, haka nan safar hannu ga mai yin shinge, sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa talaka dukkan nauyin. Shin akwai allurar tetanus a ƙaramin asibitin ƙauye, cikin sanyi, a lokacin sharar gona? Shin ma'aikacin lafiyar da ke can an taɓa nuna masa hoton ƙafar maisitoma a matakin farko? Hukumomin lafiya suna iya haɗa rigakafin manya da rabon taki ko da rigakafin dabbobi, inda manoma da makiyaya suke taruwa da kansu. Suna iya sanya maisitoma cikin cututtukan da ake kai rahotonsu, domin a san yawanta a jihohin arewacin Nijeriya. Wanzamai da masu maganin gargajiya kuma, tunda su ake fara kai wa irin wannan kumburi, ya kamata a jawo su a jiki a koya musu alamomin nan uku na maisitoma, domin su tura majiyyaci gaba maimakon su tsaga. Sarakunan noma, da ardo-ardo, da limamai suna da bakin da jama'a suke ji, kuma su ne za su iya sa magidanci ya yarda cewa kai ƙullutu marar zafi asibiti ba ragwanta ba ce.

  Yanzu fili a buɗe yake ga mai tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, musamman daga ma'aikatan lafiya na karkara da manoma da makiyaya waɗanda suka taɓa ganin irin waɗannan raunuka da idonsu.